Haruffa Marasa Ƙafa

Durowa ta tara sai da hannu biyu ake jawo ta, don dalma ce cike a ciki. Ranar Talata da hantsi Yaya ya jawo ta, ta taho masa sakayau har ya kusa faɗuwa da baya. Ya leƙa, ya sake leƙawa, sannan ya kira ni da sunan da kowa ke kirana a shagon.

"Jan Biro, zo ki duba ko idona ne."

Ba idonsa ba ne. Fiye da rabin haruffan babu su.

Bari in yi bayani, don na san yanzu kowa a kwamfuta yake buga takarda. Maɗaba'armu ta gado ce, kuma har yau da haruffan dalma muke aiki. Kowane harafi ɗan guntu ne da ake ɗauka da yatsa a jera ɗaya bayan ɗaya, a shafa tawada, inji ya danna a takarda. Kowace durowa da irin harafinta. Akwai masu ƙafa, waɗanda ke da ɗan tsini a gindi da ka, da su ake buga littafi don ido yana bin su har ƙarshen layi bai gaji ba. Akwai masu kishingiɗa, na wurin da ake so a ɗan sassauta murya. Akwai masu kama da rubutun hannu, na katin gayyata. Na durowa ta tara kuwa manya ne marasa ƙafa, sumul, irin na sanarwar da za a karanta daga tsallaken titi. Masana'antar da ta zuba su ta rufe tun ina goye, saboda haka idan sun tafi sun tafi ke nan.

Mu huɗu ne a shagon. Yaya shi ne mai shago, shi ke jera haruffa yanzu. Ni ƙanwarsa ce, mai duba kuskure, shekara ashirin da uku ina zagaye kuskuren mutane da jan biro kuma ban taɓa ba kowa haƙuri ba. Sai Dogo mai tuƙa inji. Sai Mai Ɗinki, wadda ke ɗinke littattafai a lungun baya, ba ka jin muryarta sai ka gaishe ta. Ubanta ne tsohon mai jera mana haruffa, Baba Mai Jeri, wanda ya bar aiki shekara biyu da suka wuce.

Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Kafin tsakar rana labari ya zaga layin, tela da mai shayi da mai gyaran agogo duk sun zo jaje, kuma kowa yana jajen yana satar kallon Dogo. Dalili, Dogo ya taɓa zaman gidan yari yana saurayi, kan wayar lantarki. Shekara goma sha ɗaya ya yi da mu ko allura ba ta ɓata ba, amma mutanen layi ba su manta ba. Ba zan ɓoye ba, su da ido suka faɗa, ni ce na faɗa da baki, a gaban kowa.

"Mai satar waya ai ya san kuɗin dalma," in ji ni.

Dogo ya goge hannunsa da tsumma a hankali. "Ban ɗauka ba, Anti."

Yaya ya ce, "To ka san wanda ya ɗauka?"

Dogo ya yi shiru. Shirun nan ya ƙara ɗaure shi. Yaya mutum ne mai sanyi, amma ya ce zuwa safiyar Juma'a in haruffa ba su fito ba zai kira 'yan sanda. Kowa ya san mutum irin Dogo in ya sake shiga hannunsu ba bincike za a tsaya yi ba, kuma yana da 'ya'ya uku a makaranta.

*

Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, ya yi shekara arba'in yana bin sawun shanun sata kafin gwiwa ta zaunar da shi. Yaya ne ya aika masa. Ni dai na ce ɓata lokaci ne, kuma da ya iso na maimaita masa.

"Kawu, kai da ko sunanka ba ka iya karantawa, haruffa za ka bi?"

"Shanun da na bi ma babu wadda ta taɓa rubuto mini wasiƙa, 'yar nan." Ya dubi daɓen shagon. "Wa ya yi shara?"

"Ni."

"Kin kyauta wa ɓarawo."

Ya sa aka sauke durowar a ƙasa kusa da ƙofa, inda haske yake. Ya durƙusa da ƙyar, ya daɗe yana leƙa 'yan gidajen da haruffa ke zama a ciki, yana sa yatsa yana dubawa.

"Ba rana ɗaya aka kwashe su ba," in ji shi. "Ƙurar gindin wannan gidan ta yi wata uku, ta wannan ba ta fi sati ba. Kaɗan-kaɗan ake ɗiba. Kuma babu gidan da aka ƙarar, kowanne an bar masa 'yan tsira. Ɓarawonku yana jin tausayinku. Me kuma ya ɓata?"

Yaya ya bincika. An ɗebi dalmar tazara, wadda ake sawa tsakanin kalma da kalma, kuma ɗaya daga cikin 'yan ƙarafan da ake riƙewa a hannu ana jera haruffa a ciki ya ɓata.

"In mutum yana da waɗannan duka, me ya rage masa kafin rubutu ya fito a takarda?"

"Tawada."

"An taɓa ta?"

Ba a taɓa ba. Kawu ya ce "hmm", ya miƙo mini hannu in tashe shi.

*

Ranar Laraba na ja shi wurin mai sayen tsoffin ƙarafa, don tela ya rantse ya ga Dogo ya nufi can da buhu. Tun a hanya nake jin daɗi, na ɗauka magana ta ƙare.

Mai ƙarafan ya ce ƙwarai Dogo ya zo da buhu. Ya shiga cikin tarkacensa ya jawo wata matacciyar fanka da tukunya mai huda. "Ga dukiyar da ya kawo. Matarsa ce ta ce ko ya fitar da su ko ta fitar da shi."

Kawu ya tambaye shi, in mutum zai sato masa dalma daga maɗaba'a, wacce zai so.

"Mai nauyi mana. Ni wuta nake kaiwa, ina ruwana da abin da aka zana a kanta?"

Da muka fito Kawu ya tuna mini da dunƙulallen dalma guda shida da ke jibge bayan ƙofar shagonmu, waɗanda muke danne takarda da su. Ɗaya a cikinsu ya fi duk abin da aka sata nauyi, kuma suna nan cif. Na ji haushi.

Daga nan muka tsallaka wurin Mai Kwamfuta, wanda ya buɗe shago yana kallon namu ya kwashe mana rabin masu kawo aiki. Na san ya taɓa roƙon Yaya ya sayar masa da durowa ta tara. Bai musa ba.

"Hoto kawai nake so in ɗauka, Anti. Ina da irin harafi sun fi dubu a nan, amma babu mai buɗaɗɗen ciki kamar naku. Na ɗauki hoton tuni, Yaya da kansa ya riƙe mini fitila. Dalma kuma me zan yi da ita, in dafa?"

Kawu ya zauna a kujerar mutumin ba a ba shi ba, ya ce a nuna masa. Mai Kwamfuta, da yake yana son a saurare shi, ya yi ta jero su a allo. Wannan siriri ne, na kantin turare. Wannan ƙosasshe ne, na kanun labari, ihu yake yi. Wannan mai ƙafa ne, na dogon karatu.

"Wanda idonsa ya yi rauni fa, wanne ake ba shi?" in ji Kawu.

"Babba marar ƙafa. Ƙananan ƙafafun nan cakuɗewa suke yi a idon tsoho."

Kawu ya yi masa godiya sosai, har da sa albarka. Ni ko sallama ban yi masa ba.

*

Ranar Alhamis Kawu ya ce a buɗe masa durowa duka ashirin da huɗu. Dogo ne ya riƙa jawowa, idonsa ya faɗa don bai runtsa ba. Kawu yana bi yana ɗaukar harafi ɗaya-ɗaya, ya juya shi a haske, ya kai hanci. Na ce masa ba kifi muke sayarwa ba. Bai kula ni ba.

A durowa ta huɗu ya tsaya. Manya ne su ma, amma masu ƙafa, kuma babu ko ɗaya da ya ɓata a ciki. Ya aiki Dogo sayen shayi, sannan ya kira ni da hannu.

"Yaushe rabonku da aiki da waɗannan?"

"An fi shekara."

"To dubi na sauran durowar, duk sun dushe, tsohuwar tawada ta bushe a lungunansu. Dubi waɗannan."

Fuskarsu tana sheƙi kamar cokalin da ake ci da shi kullum. Na kai ɗaya hanci kamar yadda ya yi. Ƙanshin man zafi ne, irin wanda tsofaffi ke shafawa a gaɓoɓin yatsu.

"Waɗannan sun yi tafiya sun dawo," in ji Kawu. "An fara da su, ba su yi ba, aka maido kowanne gidansa, sannan aka koma kan marasa ƙafa. Ba a shafa musu tawada ba, yatsa ne ya goge su haka. Akwai mai karanta dalmarku da hannu, 'yar nan. Wa kika sani da ke karanta harafi a kan dalma, a juye, ba sai an buga ba?"

Ni ina iyawa, Yaya yana iyawa. Sai mutum ɗaya. Baba Mai Jeri.

"Me ya sa tsohon ya bar aiki?" Kawu ya tambaya.

Ban so faɗa ba, amma na faɗa. Wani shafi ne na littafin yara, kan yadda ake shuka bishiya. Baba Mai Jeri ya jera shi ya cakuɗa masu kishingiɗa cikin masu ƙafa, kuskure goma sha bakwai a shafi ɗaya, mutumin da a shekara ba ya yin uku. Na zagaye su da jan biro, na karanto su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, mai littafin yana tsaye. Ban tambaye shi lafiya ba. Ya cire rigar aikinsa ya rataye, ya ce mana sai gobe, bai sake dawowa ba. Daga baya muka ji ido ne, muka je gaisuwa sau ɗaya, shi ke nan.

Kawu ya mayar da harafin gidansa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

*

Safiyar Juma'a ya tara mu a shagon, har da mai ƙarafa da Mai Kwamfuta. Mutanen layi suna ta wucewa ta ƙofa a hankali, kowa ya tuna yana da saƙo a can gaba.

Kawu ya fara da baƙin biyu. Ya ce mai son narkarwa da ya ɗauki mai nauyi, mai son bugawa da ya ɗauki tawada, saboda haka su biyun su koma bakin aikinsu, an gode. Ya rufe ƙofa a bayansu. Sannan ya ɗora harafi ɗaya na durowa ta huɗu a kan teburi, ya faɗi abin da ya faɗa mini jiya, kalma ba ƙari.

Bai gama rufe baki ba Dogo ya miƙe. "Ni ne. Yaya, kira su kawai, ni na ɗauka."

"Zauna, Dogo," in ji Kawu. "Ƙarya ba ta yi maka kyau."

Daga lungun baya Mai Ɗinki ta ajiye allura. Ta ce tun da idon babanta ya rufe gaba ɗaya ya daina cin abinci sosai, yana zaune yatsunsa suna ta motsi a kan gwiwa kamar yana jeri. Wata rana ta kai masa haruffa biyar a jaka don ya ɗan taɓa. Ranar ya cinye abincinsa. Ya ce masu ƙafa suna ruɗa masa yatsa, ko za a samu marasa ƙafa. Ta so ta roƙi Yaya, amma ta tuna yadda aka rabu, sai ta kasa. Da ta ji maganar 'yan sanda ta yi niyyar faɗa tun Talata, Dogo ne ya hana ta.

Yaya ya juya. "Don me, Dogo? Gidan yari fa."

"Ranar da na fito babu wanda ya yarda in tsaya a ƙofar shagonsa," in ji Dogo. "Baba ne ya riƙo hannuna ya kawo ni nan, ya ce wa mahaifinku in wani abu ya ɓata a tambaye shi. To wani abu ya ɓata, ni kuma ba zan bari a tambaye shi ba."

Mai Ɗinki ta ce akwai saura. "Baba bai san sata na yi ba. Na ce masa Yaya ne ke aiko masa."

*

Ɗakin tsohon ƙarami ne, taga ɗaya. Yana zaune a bakin gado da faranti a cinya, haruffanmu an rarraba su cikin kwalayen ashana da murafun kwalba, kowanne a inda hannunsa ya sani. Ya rame ƙwarai. Kwalbar man zafi tana gefen matashi.

Yaya ya gaishe shi. Fuskar tsohon ta washe, ya yi ta godiya kan aike, ya ce bai san da bakin da zai gode ba.

"Ba komai, Baba," in ji shi. "Da ma na ce ko akwai wanda ya ƙare a ƙaro maka."

Ni ina bakin ƙofa, ashe babban yatsana yana ta danna kan biro.

"Jan Biro ce wannan? Na ji ƙas-ƙas ɗinki. Shigo, 'yata, da ma ke nake jira. Ina da aikin dubawa."

Ya laluba ƙarƙashin gado ya jawo wani katako. Layi shida ne a jere, an ɗaure da zaren ɗinkin littafi. Na durƙusa na karanta a juye. Farkon shafin bishiyar nan ne, ya haddace shi. Haruffan manya ne, ba su isa shafin duka ba, shi ya sa yake jera layi shida ya warware, ya jera shida na gaba, in ya kai ƙarshe ya koma farko. Wata uku ke nan yana gyara shafin da na ci masa mutunci a kansa.

Na karanta sau uku. Ina neman kuskure, don in na samu zan san abin da zan ce. Babu ko ɗaya, tazarar ma daidai take kamar an auna.

"Nawa ne?" ya tambaya a hankali.

"Babu, Baba." Na kama hannunsa, ya yi sanyi, yana ƙanshin man nan. "Ka yafe mini. Ido ne ke ciwo na mai da shi laifi."

"Ai goma sha bakwai ɗin suna nan, ba ƙarya kika yi ba," in ji shi yana dariya. "Muryar ce dai ta yi yawa."

Na yi kuka, kuma ban damu da wanda ya gani ba.

*

Ranar Litinin Dogo ya ɗauko shi a bayan babur. Yaya ya ce durowa ta tara ta zama tasa, duk aikin sanarwa shi zai jera. Mutanen layi aka gaya musu aro ne aka bayar aka manta. Sun ce to, amma na ga mai shayi ya janye wayarsa daga kan benci da Dogo ya zauna. Maganar da na jefa a gaban kowa tana nan tana yawo.

Na koma ciki na tsaya gaban Baba Mai Jeri na ce na kawo aiki, kwafi ɗaya, da mafi girman harafin da yake da shi. Na faɗa masa kalmomin. Yatsunsa suka shiga aiki, ƙyas, ƙyas, ƙyas, sautin hannunsa da shagon ya yi shekara biyu bai ji ba. Dogo aka ba ya buga. Ya ɗaure dalmar a inji bai duba ba, don shi ba ya karatu a juye. Sai da takardar ta fito ya gani. Ya daɗe riƙe da ita.

"Anti, ba sai an yi haka ba."

"Kawo nan, tawada za ka ɓata mini da yatsa."

Na manna ta a ƙofar shago da kaina. Marasa ƙafa sun yi aikinsu, tela ya karanta daga kan kekensa, Mai Kwamfuta ya karanta daga tsallaken titi. Kawu yana zaune a bencin mai shayi, ya karkata kai yana kallonta.

"'Yar nan, kin san ni ba na karatu. Me aka rubuta?"

"Kawu, ka sani sarai."

"Ina zan sani? Karanta mini. Ki ɗaga murya, irin wadda kike karanta kuskuren mutane da ita."

Mutanen layi suka juyo. Na juya na fuskance su, na karanta yadda na can ƙarshen layi zai ji.

"Dogo bai ɗauki komai ba. Ni ce na yi kuskure. Jan Biro."

Mai shayi ya zuba kofi, ya miƙa wa Dogo da hannu biyu. Daga cikin shago na ji muryar Baba Mai Jeri yana tambaya ko an samu kuskure a bugun.

Na ce masa babu.